Na Haɗa wa Uwar Garke Waya Biyu, Amma Rabin Kwamfutocina Ba Sa Ganinta

Tambaya

Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne mai kula da ɗakin kwamfuta na wata cibiyar koyon jarrabawa a Tudun Wada, nan Kaduna. Muna da kwamfuta 60 da uwar garke (babbar kwamfutar da sauran ke shiga) ɗaya mai manhajar Linux ta Ubuntu, da ƙofar sadarwa biyu, kowace gigabit 1. Na ɗaure ƙofofin da tsarin 802.3ad, na kai wayoyin biyu kan suwic ɗinmu, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin, Cisco 2960-X. Wanda ya saita mana suwic ɗin ya sa `channel-group 1 mode on`. Tun daga ranar wasu kwamfutocin suna shiga lafiya lau, wasu kuwa ko alamar uwar garken ba sa gani, kuma su ɗin ne dai kullum. In aka ɗauke wuta muka tada janareta, wani lokacin sai abin ya juye, masu shiga su daina, waɗancan su fara. Sannan in na kwafi fayil, gudun ba ya wuce megabait 112 a daƙiƙa. Mai cibiyar ya ce mu sayi sabon suwic. Me ka gani?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ba mai cibiyar haƙuri ya riƙe kuɗinsa tukuna. Daga bayaninka ban ga laifin suwic ɗin ba. Na ji daɗin yadda ka lura cewa kwamfutocin nan su ne dai kullum, don wannan lurar taka ce ta nuna inda cutar take.

Ɗaure layuka yarjejeniya ce tsakanin ɓangare biyu, kuma a wurinka ɓangare ɗaya ne kawai ke magana. Tsarin 802.3ad, wanda hukumar IEEE ta fitar a 2000 kafin a mayar da shi ƙarƙashin 802.1AX a 2008, yana tafiya ne da LACP, wato yaren da ɓangarorin biyu ke ƙulla yarjejeniyar da shi. Uwar garke da suwic suna aika wa juna 'yan saƙonni ta kowace waya, kowa yana faɗin ko shi wane ne da kuma rukunin da wayar take ciki. Sai sun amince da juna sannan wayoyin su zama tsintsiya ɗaya. Shi kuwa `mode on` ɗaurin dole ne. Suwic ɗin ba ya aika saƙon LACP, ba ya sauraron na kowa, ya ɗauka kawai an riga an gama magana.

To ga abin da ke faruwa a ɗakinka. Uwar garken tana sallama, babu mai amsawa. Da Linux ya ga haka, sai ya ware kowace waya a rukuninta daban, ya zaɓi ɗaya ya yi aiki da ita, ya jingine ɗayar. Duk abin da ya shigo ta wadda aka jingine, zubar da shi ake yi. Suwic ɗin kuma bai san wannan ba, yana ta raba kaya kan wayoyin biyu. Irin suwic ɗinka, in ba a canja masa ba, yana rabon ne da lambar MAC, wato lambar shaidar ƙofar sadarwa ta kwamfutar da ta aiko saƙo, kuma lambar nan ba ta canjawa. Kwamfutar da rabonta ya faɗa kan wayar da ke aiki za ta shiga kullum, wadda rabonta ya faɗa kan ɗayar kuwa sai dai ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da aka kulle. Juyewar da kake gani bayan janareta ma daga nan take. In na'urorin suka tashi, wayar da Linux zai zaɓa tana iya zama ɗayar, sai masu sa'a da marasa sa'a su yi musanyar wuri.

Kada ka ɗauki maganata haka kawai, ka gani da idonka. A kan uwar garken ka rubuta:

`cat /proc/net/bonding/bond0`

Wuri biyu za ka duba. A ƙarƙashin kowace ƙofa akwai layin `Aggregator ID`. In lafiya ƙalau, lambar ɗaya ce a duka biyun. Ina sa ran kai za ka ga 1 a nan, 2 a can. Sai layin `Partner Mac Address`, wato lambar abokin yarjejeniya. In ka ga sifili zalla, `00:00:00:00:00:00`, to uwar garken ba ta taɓa jin muryar suwic ɗin ba.

Gyaran bai da tsawo, amma don Allah kada ka yi shi yara na zaune gaban kwamfuta, domin layin zai yanke na ɗan lokaci. Ka bari sai bayan la'asar an tashi, ka jona wa suwic ɗin wayar saiti kai tsaye maimakon shiga ta layin da za ka taɓa. A ƙofofin biyu ka cire tsohon da `no channel-group 1`, sannan ka sa `channel-group 1 mode active`. Akwai `passive` ma, wanda ke jira sai an yi masa magana, kuma zai yi aiki da Linux tunda shi yakan fara sallama. Na fi son `active` duk da haka, don in wata rana aka kawo na'urar da ita ma jira take yi, kowa zai zuba wa kowa ido ne, ɗaurin ba zai tashi ba. Ka guji `desirable` da `auto`, waɗannan na PAgP ne, yaren Cisco na cikin gida wanda Linux ba ya ji.

Daga nan ka rubuta `show etherchannel summary`. Harafin P a gefen kowace ƙofa kake nema, shi ne alamar ta shiga ɗauri. Harafin I yana nufin tana tsaye ita kaɗai, ba ta samun LACP daga ɗaya ɓangaren. Ƙaramin s kuma an dakatar da ita, galibi saboda saitinta bai yi daidai da na 'yar uwarta ba, ko a gudu ko a VLAN, wato sashen sadarwar da aka sa ƙofar a ciki. Da ka ga P biyu, ka adana da `copy running-config startup-config`. Na sha zuwa wurin da aka yi gyara mai kyau aka manta wannan layi guda, wuta na ɗaukewa komai ya koma gidan jiya. A garin da ake sauya wuta da janareta sau da yawa a yini, mantuwar nan ba ta kwana ba a gane ta ba.

In ka yi duk wannan amma waya ɗaya ta ƙi shiga, sai mu koma kan kebul. Ka duba kowace ƙofa da `ethtool`, ka karanta layin `Speed`. Gigabit yana buƙatar duka zaren takwas da ke cikin kebul ɗin, shi kuwa megabit 100 huɗu sun ishe shi. Saboda haka in an matse kan kebul da hannu zare ɗaya bai kama ba, fitila za ta iya kamawa kamar ba komai, alhali layin ya sauko zuwa 100. LACP ba zai haɗa mai 1000 da mai 100 a rukuni ɗaya ba. Na taɓa shafe rabin yini a wani ofis a Barnawa ina zargin saiti, ashe 'yar maƙalar robar kan kebul ce ta karye, yana zaune sako-sako a ramin da ƙurar hunturu ta cika. Don uwar garke, ka sayi gajerun kebul na Cat6 da aka haɗa daga masana'anta. A cikin fayil ɗin nan na `bond0` akwai `Link Failure Count`, in lambarsa na hawa a ƙofa ɗaya, wannan kebul ɗin ne abin tuhuma.

Yanzu maganar megabait 112, wadda nake so ka fahimta sosai don kada ka gama gyara ka ce bai yi ba. Wannan lamba ba za ta canja ba, kuma ba matsala ba ce. Gigabit 1 in ka raba shi da 8, tunda bit 8 ke yin bait ɗaya, megabait 125 ne a daƙiƙa, in aka cire nauyin da ke rakiyar kowane saƙo sai a samu kusan abin da kake gani. Ka tuna bohol mai bakin famfo biyu. Jarka ɗaya ba za ta cika da sauri ba don an ƙara baki, tunda a ƙarƙashin baki ɗaya take. Amma mai ruwa da ya zo da kura cike da jarkoki zai gama cikin rabin lokaci. Haka LACP yake. Kwafar fayil guda tana bin waya guda daga farko har ƙarshe, da gangan, don kada saƙonni su iso a hargitse. Balle ma kwamfutar da kake gwajin da ita ƙofarta gigabit 1 ce tak. Ribar ɗaurin tana fitowa ne da safe, lokacin da yara 60 suka danna shiga a tare.

Kowane ɓangare shi ke yanke yadda zai raba abin da yake aikawa. A wurinka yawancin kaya daga uwar garke suke fita, don haka saitin Linux ya fi muhimmanci. Da yake in ba a taɓa shi ba `layer2` yake bi, wato lambar MAC kaɗai, zai raba da kyau matuƙar kwamfutocin suna VLAN ɗaya da uwar garken. Amma in akwai rauta a tsakani, wato na'urar da ke haɗa sashen sadarwa da wani, duk kwamfutocin yaran za su bayyana da MAC ɗaya, ta rautar, komai ya tattaru kan waya guda. A fayil ɗin netplan, inda Ubuntu ke ajiye saitin sadarwa, ka sa `transmit-hash-policy: layer2+3`, sai lambar IP ta shiga lissafin. Ka ƙara da `mii-monitor-interval: 100` don a riƙa duba lafiyar wayoyin kowane kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, da `lacp-rate: fast`. Da wannan saƙon LACP zai riƙa zuwa wa uwar garken duk daƙiƙa maimakon duk daƙiƙa 30, in abokin ya yi shiru ta gane cikin daƙiƙa 3 ba 90 ba.

Gwajin gaskiya da kwamfuta biyu ko fiye ake yinsa. Ka tada `iperf3`, manhajar auna gudun layi, sau biyu a uwar garken, ɗaya da `-p 5201` ɗaya da `-p 5202`, ka ja daga kwamfutoci biyu a lokaci ɗaya da `-R`. In kowace ta samu kusan megabit 940, ɗaurin ya kama. In suka raba 940 ɗin tsakaninsu, wataƙila rabonsu ne ya faɗa waya ɗaya, sai ka sauya ɗayar kwamfutar ka sake. Bayan haka ka bar `ping`, mai aika saƙo yana jiran amsar uwar garken, yana tafiya daga kwamfutar da a da ba ta shiga, ka zare waya ɗaya da hannunka, ka mayar, ka jira P ya dawo, sannan ka zare ɗayar. Amsa ɗaya ko biyu na iya ɓacewa, amma bai kamata layin ya tsaya ba. Ka yi wannan gwajin a gaban mai cibiyar, sannan ku kashe komai ku sake tadawa da janareta ku ga ko duka 60 ɗin sun shiga.