Layinmu Ya Zama Hanyar Yanke

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidanmu yana wani layi a bayan babban titi a nan Kano. Tun da aka zuba mana kwalta muka rasa sukuni. Da cunkoso ya haɗu a danja, sai 'yan adaidaita da masu motoci su yanko ta ƙofar gidajenmu a guje, kuma daidai lokacin tashin 'yan Islamiyya. Ran Talata saura ƙiris a kaɗe autana, takalminsa ɗaya ma sai a kwata muka tsinto shi. Samarin layi sun ce za su tara ƙasa da duwatsu su yi kunya, wato tudun rage gudu, a tsakiyar hanya. Mu bar su? Daga wata uwar yara.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ƙara tsarewa, a gaishe min da auta.

Kada ku bar su. Na taɓa ganin irin wannan kunya a layin ƙanwata: tsayinta ya kusa gwiwa, ba fenti, ba fitila. Masu gudun da aka yi dominsu kwana biyu suka gane ta, suka riƙa raɓawa ta gefe, ta jikin dakalin da yara ke zama. Wanda ta kayar wani dattijo ne a kan babur, yana dawowa daga sallar asuba. Da damina ta zo kuma, ta tare ruwa ya koma zaurukan mutane.

Amma tsoronki yana kan hanya. Dokar tuƙi ta ƙasa ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, kuma ko wannan ya yi wa lungu yawa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar 30 a inda mutane ke cuɗanya da ababen hawa. Mai gudun 50 yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, tun kafin ƙafarsa ta kai birki. Mai 30 mita 8 ne. In kuwa gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkawa.

Ku fara da mai unguwa. A rubuta takarda, magidanta su sa hannu, a faɗi sa'o'in da abin ya fi tsanani, a kai KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, da ƙaramar hukuma, a nemi tudun rage gudu mai faɗi, mara tsini, mai fenti, da allon gargaɗi kafin a iso shi. Ɗaya ba ya isa a dogon layi, direba yana tsallakewa zai sake taka wuta.

Kafin nan, dattawa biyu su je tashar 'yan adaidaitan da ke bakin titi su gana da shugabansu. Yawancin masu yankowar fuskokinsu sanannu ne, wasu ma 'ya'yan unguwa ne. Samarin nan masu zafin nama kuwa, a ba su aikin tsayawa a bakin layi lokacin tashi daga makaranta, su riƙa tsallakar da yara.