Tambayi Likita: Abota da Damuwa a Shekarun Samartaka

Likita, 'yata shekararta 15. Tun firamare suke tare da ƙawayenta uku, amma a hutun da ya wuce suka ware ta, har suka cire ta daga zaurensu na WhatsApp. Yanzu daga makaranta sai ɗaki, abinci sai an yi da gaske, Islamiyya ma ta daina zuwa. Babanta ya ce shagwaɓa ce. (Wata uwa, Unguwar Rimi)

Hajiya, a gaya wa Alhaji ba shagwaɓa ba ce. A wannan shekarun yaro da idon tsararrakinsa yake auna kansa, don haka wariyar ƙawaye tana yi masa ciwon da babba ba zai gane ba. Ɓacin rai na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne. Amma idan ya kai mako 2 kullum rai a jagule, barci da cin abinci sun rikice, abin da take so a da ya fita daga ranta, to muna zargin ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Kada ki ɗauki mayafi ki tafi gidajen ƙawayen neman ba'asi, gobe ita za a yi wa dariya a aji. Ki jawo ta kicin, kuna gyaran alayyahu kina jan ta da hira. Yara sun fi sakin baki idan hannu yana aiki kuma ba a tsare su da ido ba. In ta fara magana ki bar ta ta kai aya kafin ki ce "ki yi haƙuri". Sannan ki tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa jin gara ta mutu. Iyaye suna tsoron wannan tambayar, alhali yin ta ba ya cusa wa yaro tunanin. In ta ce e, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Ko ta ce a'a, yadda kika kwatanta ta ya isa likita ya gan ta, ko a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na san da an ce Barnawa mutanenmu sai su ce ai 'yarsu ba mahaukaciya ba ce. Masu rashin barci da masu fargaba ma can suke zuwa, su ga likita su koma gida. A ci gaba da addu'a, a kuma je asibitin.

Ɗana mai shekara 17 ya canza abokai. Sai tsakar dare yake dawowa daga majalisa, ido jawur, kullum maganar babbar waya. Wasu sun ce in kai shi gidan mari. (Wani uba, Rigasa)

Malam, gidan mari dai a'a. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida a nan Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa.

Abin da yaronka yake nema a majalisa shi ne a san da shi. Sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa saurayi mai hankali a gida yake aikata wauta idan abokai suna kallo. Jan ido kaɗai ba hujja ba ce, rashin barci ma yana kawo shi. Ka lura da jan magana, barcin rana mai nauyi, ɓacewar kuɗi, da kwalaben maganin tari. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau yana yawo, haka tiramadol. In ka tabbatar, likita za a kai shi, domin yanke irin waɗannan ƙwayoyi lokaci guda yana da wahala ga jiki.

Duka ɓoyo kawai zai koya masa. Ka ce ya kawo abokan gida su ci abinci, ka san su, ka san iyayensu. Ka kuma samar masa wani wurin da za a yaba masa, ko ƙungiyar ƙwallo ko koyon sana'a a Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu.

Ina da mabiya da yawa a TikTok amma ba ni da aminiya ko ɗaya. In malami ya ce in tashi in yi magana, gabana faɗuwa yake, hannuna na rawa. (Ɗaliba mai shekara 16, Kawo)

'Yata, wannan fargabar shiga mutane ce, kuma tana jin magani. Guje wa abin ne yake ƙara mata ƙarfi, saboda haka ki fara da kaɗan: ki yi tambaya ɗaya a aji a mako, ki zaɓi yarinya ɗaya mai kirki ku riƙa bitar karatu tare. Aminiya ɗaya ko biyu sun wadatar. Ki ajiye waya awa guda kafin kwanciya, domin mai shekarunki tana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Idan fargabar ta fara hana ki zuwa makaranta, ki gaya wa Mama ta kawo ki asibiti.