Akwai wanda kare gonaki ya kai shi kujerar mulki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko an taɓa samun ɗan ƙauye da fafutukar kare gonaki ta kai shi ga mulki. Akwai Becharam Manna na jihar Bengal ta Yamma a Indiya.

Shi ɗan yankin Singur ne, a gundumar Hooghly, cikin manoma ya tashi. A 2006 gwamnatin 'yan gurguzu ta jihar ta karɓe fili kusan eka 1,000 ta miƙa wa Tata Motors don ƙera ƙaramar motar Nano. Ƙasa ce mai albarka, ana girbe shinkafa a bi da dankalin turawa. Aka zagaye ta da shinge, mai gona na leƙen gonarsa daga waje. Wasu suka karɓi diyya, wasu suka ce atafau ba za su karɓa ba. Manna na cikin jagororin kwamitin masu ƙin, Mamata Banerjee, shugabar jam'iyyar adawa ta Trinamool a lokacin, kuma ta yi yajin cin abinci a Kolkata, babban birnin jihar.

A Oktoban 2008 Tata ya tattara ya koma Gujarat. A 2011 jam'iyyar Trinamool ta kawo ƙarshen mulkin shekara 34 na 'yan gurguzu, Manna ya ci kujerar mazaɓar Haripal a majalisar dokokin jihar a ƙarƙashin jam'iyyar, daga baya ya zama ƙaramin minista a gwamnatin jihar. A 2021 ya ci Singur ɗin kanta.

A ganina dai shi ya fi manoman cin riba. Sai a 2016 Kotun Ƙoli ta ce a mayar musu da gonakinsu, kuma da yawa sun koka cewa inda aka zuba kankare ba ya nomuwa kamar da.