Littafin nan mai faya-fayai masu juyawa

Malam, littafin da ka ce ka ga hotonsa kana tambayar asalinsa, mai da'irori kala-kala da ake juyawa da yatsa, Astronomicum Caesareum ne, littafin ilimin taurari. Peter Apian, malamin lissafi a jami'ar Ingolstadt ta Jamus, shi ya buga shi a maɗaba'arsa a 1540, ya sadaukar da shi ga sarki Charles na biyar da ƙaninsa Ferdinand.

Faya-fayan nan kuwa ba ado ba ne. An yanka takarda an ɗora wata kan wata, da zaren siliki a tsakiya wanda aka zura wa ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u. Ka juya faifan zuwa ranar da kake so, ka ja zaren, sai ka ga inda wata ko Zahra suke a sama, har lokacin husufi, ba ka yi dogon lissafi ba. Launukan duk da hannu aka shafa.

Abin da ya fi burge ni shi ne zanen taurari masu wutsiya, har da na 1531 wanda daga baya aka kira Halley. Apian ya lura kullum wutsiyar tana fuskantar kishiyar inda rana take.

Amma tsarin Badalamusa (Ptolemy), masanin taurari na zamanin da, ya bi: duniya a tsakiya, rana da taurari suna kewaya ta. Littafin Copernicus, wanda ya ce rana ce a tsakiya, sai 1543 ya fito.