Taurarin nan bakwai sun ɓace, ko alamar masifa ce?

Tambaya: Malam, taurari bakwai masu kama da ludayi da nake gani ta arewa sun ɓace tun ƙarshen damina. Wani mai duba a unguwarmu ya ce alamar mutuwar babban mutum ce a gidanmu, sai na kawo kuɗin rago. Hankalina ya tashi.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka riƙe kuɗinka. Taurarin da Larabawa ke kira Banatu Na'ash suna nan daram. Kano tana kan digiri 12 kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka a wajenmu suna fitowa suna faɗuwa. Kullum kuma suna riga lokacin jiya da kusan minti 4, wato awa 2 a wata. A Oktoba da Nuwamba, bayan isha'i suna ƙarƙashin ƙasa. Ka fita kafin asuba ka dubi arewa maso gabas, za ka same su. Daga Maris zuwa Mayu za su dawo maka da daddare, ludayin a kife.

Wannan mai duba ya san za su dawo, shi ya sa yake gaggawar karɓar ragon. In sun bayyana ya ce aikinsa ne ya ci, in an yi rasuwa ya ce an makara. Kullum ana kawo irin wannan kuka, abin yana ci mini rai. Biyar daga cikin taurarin nan haskensu sai ya yi tafiyar kusan shekara 80 kafin ya iso idonka. Ina ruwansu da ajalin mutumin gidanku? Bara ma haka suka ɓace, haka zamanin kakanninmu. A Hudaibiyya Annabi (SAW) ya yi kashedi ga mai jingina ko da ruwan sama ga tauraro, balle ajali. Ya za a yi magidanci ya sayar da hatsin iyalinsa a kan wannan?

Amfaninsu shi ne gane hanya. Ka ja layi ta taurari biyu na bakin ludayin, daga gindi zuwa baki, ka ninka tazararsu sau 5, ka isa tauraron arewa. Ba shi da haske sosai, kuma yana ƙasa-ƙasa, kamar dunƙulen hannu ɗaya da 'yan kai in ka miƙe hannu, har hazon hunturu kan rufe shi. Daga shi ka karkata dama digiri 68, alƙiblar Kano ke nan.