Wai da gaske a hoki rafali yana barin 'yan wasa su yi dambe?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni daga wani ƙauye nake a wajen Ringim. Jiya a teburin mai shayi wani ya nuna mana bidiyo a waya, 'yan hoki biyu sun yar da sanduna suna ta naushin juna, rafali na tsaye yana kallo. Ni kuma na taɓa ganin hoki a talabijin, ƙwallo kawai ta taɓa ƙafar mutum aka busa masa, har koren kati na ga an ɗaga wa wani. Musu ya kaure, aka ce ƙarya nake. Don Allah a raba mu.

Amsa: Ɗan'uwa ba ka yi ƙarya ba, shi ma mai bidiyon bai yi ba, wasa biyu ne suna ɗaya ya haɗa su.

Wanda ka gani shi ne na fili, ƙwallon gora kenan. Mutum 11-11 kamar ƙwallon ƙafa, minti 60 an raba huɗu. Shi wannan jikinka gaba ɗaya ba shi da hurumi a wasan, sanda ce kawai, sandar ma ɓarinta mai faɗi za ka buga da shi, ka juya bayanta ka buga an busa. Ƙwallo ta bugi ƙafarka ka amfana an busa, ka sa jiki ka kare ƙwallo irin yadda yaranmu ke juya wa mutum baya a filin firamare, wannan ma laifi ne. Gola ne kawai yake da damar sa ƙafa da jiki a cikin da'irarsa. Kuma ko daga ina ka ɗirka ta shiga raga ba ci ba ne, sai ɗan ɓangarenku ya taɓa ta a cikin da'irar nan ta gaban raga. Satar gida kuwa babu ita sam.

Koren katin da suka ƙaryata ka a kai yana nan, minti 2 ne a waje. Rawaya aƙalla minti 5, ja kuma ka tafi kenan. Ni a ganina ƙwallon ƙafa ya kamata ta ari wannan tsari, don katin gargaɗin da ba ya fitar da mutum ko na minti ɗaya wallahi ba ya tsorata ɗan baya mai taurin kai.

Inda wasan yake da daɗi shi ne idan mai tsaron baya ya yi laifi a cikin da'ira. Sai a ba da wata irin kona ta hukunci, masu karewa biyar ne kacal har da gola za su tsaya a bayan layin raga, sauran duk a kora su tsakiyar fili, a turo ƙwallo daga layin baya, dole ta fita daga da'ira tukuna a shigo da ita a buga. Shi ya sa za ka ga masu karewa suna sa abin rufe fuska a lokacin, ƙwallon tauri gare ta kamar goruba. Idan kuma laifin ya hana cin da ya tabbata, to fenariti ne, mutum ɗaya da gola.

Na bidiyon mai shayi kuma na kan ƙanƙara ne, wanda Kanada da Amurka da Rasha suka fi yi. Mutum 6-6 har da gola, minti 20 sau uku, kuma ba ƙwallo ba ce, wani baƙin faifan roba ne. Can a wasan maza ka bangaje mai riƙe da faifan da kafaɗa halal ne. Abin da aka hana shi ne ka sa masa sanda ya faɗi, ko ka ƙugiye shi da ita, ko ka ɗaga ta ta same shi a fuska. Ba ruwansu da kati, wani ɗan keji ne a gefen fili ake zaunar da mai laifi minti 2, ɓangarensa su ci gaba da mutum ɗaya a rage, idan aka ci su kafin lokacin ya cika sai ya fito. Babban laifi minti 5 ne, wannan ko sau nawa aka ci su yana zaune.

To damben fa, laifi ne, ba halatta shi aka yi ba. Amma a gasar NHL ta Amurka da Kanada hukuncinsa minti 5 ne kowa, masu busa sukan dakata sai wani ya faɗi ko sun gaji sannan su shiga tsakani, don raba ƙarti biyu a kan santsi ba wasa ba ne. A gasar Olamfik kuwa wanda ya yi dambe korarsa ake yi daga wasan.

Ka koma teburin ka ce su duba ƙasan filin da ke bidiyon da kyau, da takalman ƙafarsu masu ƙarfe kamar wuƙa.