Tambaya da Amsa: Me ya sa Birtaniya ta datse layin jirgin ƙasanta mai gudun gaske?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina jin ana ambaton wani aikin layin dogo a Birtaniya mai suna HS2, kuma na ji an ce gwamnati ta soke rabinsa bayan an kashe maƙudan kuɗi. Abin ya ɗaure mini kai, domin a zatona watsi da aiki a tsakiya halin gwamnatocin ƙasashe masu tasowa ne kawai. Don Allah a yi mini bayanin aikin, da dalilin datse shi, da abin da 'yan siyasar can suke jayayya a kansa. Daga wani malamin makaranta a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, mun gode da wannan tambaya. HS2 sabon layin dogo ne da aka tsara domin jiragen da za su riƙa gudun kilomita 360 cikin sa'a guda, kuma shi ne na biyu irinsa a ƙasar. Na farko, wanda ya haɗa Landan da ramin da ya bi ta ƙarƙashin teku zuwa Faransa, an kammala shi a 2007. Gwamnatin jam'iyyar Labour ta Gordon Brown ce ta kafa kamfanin da zai tsara aikin a 2009, sannan gwamnatin David Cameron ta amince da shi a watan Janairun 2012. A taswirar farko, layin zai tashi daga Landan zuwa Birmingham, tafiyar kimanin kilomita 225, daga nan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Manchester ta garin Crewe, ɗayan kuma ya nufi Leeds. A lokacin an ƙiyasta cewa duka aikin zai ci fam biliyan 32.7. Kafin 2015 ta ƙare adadin ya koma biliyan 55.7, kuma binciken da Douglas Oakervee ya jagoranta a 2019 ya nuna cewa yana iya kaiwa biliyan 106. Duk da haka Firaminista Boris Johnson ya ba da umarnin a ci gaba a watan Fabrairun 2020, aka kuma ƙaddamar da gini a watan Satumba na shekarar.

Ba rana ɗaya aka datse aikin ba. A watan Nuwamban 2021 aka yanke mafi yawan reshen Leeds. A watan Maris na 2023 aka jinkirta sashen Birmingham zuwa Crewe da shekara biyu, aka kuma dakatar da aikin tashar Euston da ke tsakiyar Landan. Sai ranar 4 ga Oktoban 2023 Firaminista Rishi Sunak ya tsaya a gaban babban taron jam'iyyarsa ta Conservative, a cikin birnin Manchester ɗin kansa, ya ba da sanarwar soke duk abin da ya rage a arewa da yankin Birmingham. Zauren da ya yi jawabin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce, kuma mutanen arewacin Ingila da dama sun ji zafin cewa a cikin garinsu aka zo aka faɗa musu jirgin ba zai iso ba.

Hujjar Sunak ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a saurare ta da kyau. Ya ce kuɗin aikin ya ninka fiye da sau biyu, lokacin kammala shi yana ta ja da baya, kuma tun bayan annobar korona tafiye-tafiyen 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis sun ragu, alhali su ne aka gina lissafin ribar layin a kansu. Ya yi alkawarin zuba fam biliyan 36 da za a tsimi a cikin ɗaruruwan ƙananan ayyuka, irin su gyaran hanyoyin mota, da ƙarin motocin safa, da layukan dogo na cikin yanki. Masu goyon bayansa suna cewa talakan da ke wani ƙaramin gari a arewa ba Landan yake zuwa kowace safiya ba, abin da ya dame shi shi ne motar da za ta kai shi wurin aiki da ramukan da ke kan titin unguwarsu. Wannan gaskiya ce da babu mai iya musantawa.

Sai dai waɗanda suka fi sukar matakin da kakkausar murya ba 'yan adawa kaɗai ba ne. Cameron da Johnson, tsofaffin firaministoci daga jam'iyyar Sunak, sun fito fili sun ce kuskure ne. George Osborne, tsohon ministan kuɗi, ya yi gargaɗi tun kafin sanarwar. Andy Street, magajin yankin da Birmingham take ciki a lokacin, shi ma ɗan Conservative, ya yi ta roƙo har zuwa ranar ƙarshe, ya kuma yi tunanin ajiye muƙaminsa kafin ya fasa. Andy Burnham na Labour, magajin yankin Manchester a lokacin, ya ce ana ɗaukar mutanen arewa tamkar 'yan ƙasa masu daraja ta biyu. Game da fam biliyan 36 ɗin kuwa, masu suka sun tuna wa jama'a cewa ba kuɗi ba ne da ke ajiye a baitulmali, kuɗi ne da za a riƙa kashewa kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa nan gaba, kuma wasu ayyukan da aka lissafa an riga an yi alkawarinsu tun da can, har ministoci suka koma suna cewa jerin misalai ne kawai.

A ganina, gundarin maganar yana wani wuri da aka daɗe ba a bayyana wa jama'a da kyau ba. Shekara da shekaru ana tallata HS2 da cewa zai rage tafiyar Landan zuwa Birmingham daga kusan minti 80 zuwa 49, don haka duk mai hankali sai ya tambaya ko rage rabin sa'a ya cancanci wannan dukiya. Amma babban dalilin aikin cunkoso ne. Tsohon layin da ya bi ta yammacin ƙasar zuwa Manchester da Liverpool da Glasgow ya samo asali ne tun ƙarni na 19, har sashensa na Landan zuwa Birmingham an buɗe shi a 1838, kuma a yau jiragen nesa masu sauri, da jiragen da ke tsayawa a kowace ƙaramar tasha, da jiragen dakon kaya, duk a kansa suke bi. Idan mai sauri da mai nawa suna bin dogo ɗaya, dole a bar tazara mai faɗi tsakaninsu don kada na baya ya cim ma na gaba, kuma wannan tazarar ita ce ke cinye gurbin da za a saka ƙarin jirage. Idan aka kwashe masu saurin aka mayar da su sabon layi, sai tsohon ya sami sarari ga jiragen ma'aikata da na kaya, wato talakan nan da Sunak ya ce yana karewa yana cikin waɗanda za su amfana.

To, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi matsi a tsohon layin yana arewa da Birmingham ne, kan hanyar Crewe, daidai inda aka soke. Yanzu jiragen HS2 za su sauka daga sabon dogo a mahaɗar Handsacre kusa da Lichfield su shiga wannan matsin. Hukumar binciken kuɗin gwamnati ta ƙasar ta yi gargaɗi a watan Yulin 2024 cewa kujerun fasinja tsakanin Birmingham da Manchester suna iya raguwa, saboda sababbin jiragen sun fi na yanzu gajarta, kuma tashoshin da ke can ba za su iya ɗaukar biyu a haɗe ba. Ga shi kuma ba sa karkata a kwana kamar jiragen Pendolino da ke aiki yanzu, don haka a kan tsohon dogo mai lanƙwashe-lanƙwashe ba za su kai su gudu ba. Sashen da aka ci gaba da ginawa shi ne mafi tsada, mai ramuka da gadoji, sashen da aka yanke kuwa shi ne zai fito da yawancin amfaninsa. Abin ya yi kama da mutumin da ya ƙarar da dukiyarsa yana fasa dutse a rijiya, sai da ƙasa ta fara damshi ya sallami mahaƙa. Kwamitin majalisar dokoki mai sa ido kan kuɗin jama'a ya faɗi a watan Fabrairun 2024 cewa abin da ya rage na aikin ba zai biya kuɗin da aka zuba masa yadda ya kamata ba. Da a 2012 ko 2020 aka ce ba za a yi ba, da hujjar tana da ƙarfi sosai. A 2023 kuwa, bayan injuna sun riga sun shiga ƙarƙashin ƙasa, ina ganin an zaɓi mafi munin wurin tsayawa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Faransa da Sifaniya da Sin duk suna da irin waɗannan jirage, kuma ban ji ana irin wannan kuka a can ba. Me ya sa na Birtaniya ya yi tsada haka? Daga wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Birmingham.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Dalilan suna da yawa, kuma siyasa tana cikin kusan kowanne. Layin ya ratsa tuddan Chiltern, yanki mai kyan gani da doka ta kare, wanda yawancin mazaɓunsa na 'yan Conservative ne a lokacin, kuma domin a kwantar da hankalin mazauna wurin da wakilansu aka yi ta tura dogon cikin ƙasa. Ramin Chiltern kaɗai ya kai kilomita 16, ga kuma gadar kwarin Colne mai tsawon kilomita 3.4, wadda ta zama gadar jirgin ƙasa mafi tsawo a ƙasar. Zaɓen gudun kilomita 360, wanda ya zarce na jiragen Faransa, ya tilasta a miƙe layin sosai, ba a iya kauce wa tudu ko daji cikin sauƙi. A watan Nuwamban 2024 shugaban hukumar gudanarwar kamfanin, Jon Thompson, ya bayyana cewa wata rumfa da ake ginawa a kan dogo a Buckinghamshire domin kare wani nau'in jemage za ta ci kusan fam miliyan 100, kuma kamfanin ya buƙaci izini fiye da 8,000 daga hukumomi daban-daban.

Labarin jemagen shi ya fi yawo a jaridu, amma ba shi ne babbar ɓarakar ba. An sa hannu a manyan kwangiloli tun kafin a gama zanen aikin, kuma aka tsara su ta yadda idan kuɗi ya ƙaru gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Sannan kowace sabuwar gwamnati sai ta sauya wani abu. An zana tashar Euston da dandamalin tsayawar jirage 11, aka mayar da su 10, daga baya aka ce 6, kuma kowane sauyi yana nufin watsar da zanen da aka riga aka biya. Hauhawar farashin ƙarfe da siminti da makamashi bayan korona da yaƙin Ukraine ta ƙara dagula lissafin. Faransa ta buɗe layinta na farko tsakanin Paris da Lyon a 1981, Sifaniya ta buɗe na Madrid zuwa Seville a 1992, kuma dukkansu sun ci gaba da gina layi bayan layi, don haka injiniyoyinsu da 'yan kwangilarsu ba su watse ba, kowane aiki yana koya wa na gabansa. Birtaniya ta gama layi ɗaya a 2007, ta yi shekaru fiye da goma kafin ta sake kama gini.

TAMBAYA: Tunda jam'iyyar Labour ta karɓi mulki a 2024, ta dawo da sashen da aka soke? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ba ta dawo da shi yadda aka tsara ba, ɗalibi. Tun a watan Janairun 2024, kafin zaɓe, shugaban jam'iyyar Keir Starmer ya ce farfaɗo da reshen Manchester ba zai yiwu ba. Abin da gwamnatinsa ta yi a kasafin kuɗin Oktoban 2024 shi ne ba da kuɗin haƙa ramin da zai kai layin har Euston, domin kada jirgin ya tsaya a Old Oak Common da ke yammacin Landan, nesa da tsakiyar birni. A watan Yunin 2025 ministar sufuri Heidi Alexander ta shaida wa majalisa cewa babu yadda za a yi jirage su fara aiki a 2033 kamar yadda aka sa rai, ta kuma ɗora laifin a kan shekarun da aka yi ana tafiyar da aikin ba bisa tsari ba.

Burnham da Street, duk da bambancin jam'iyya, sun haɗa kai sun sa ƙwararru sun zana wani layi tsakanin Handsacre da yankin Manchester, mai ƙarancin gudu da arha fiye da na farko, kuma an fitar da rahoton a watan Satumban 2024. Shawarar tana da ma'ana, domin ta mayar da hankali kan cunkoson da ke can. Amma duk wani layi irin wannan yana buƙatar filin da zai bi. Gwamnati ta riga ta kashe kusan fam miliyan 600 wajen sayen gonaki da gidaje a kan sassan da aka soke, wasu iyalai sun bar wuraren da suka gada kaka da kakanni, kuma gwamnatin Sunak ta ce za ta sayar da filayen. Idan aka sayar aka yi gine-gine a kai, duk gwamnatin da ta so gyara matsin Crewe nan gaba sai ta sake neman doka daga majalisa, ta sake biyan diyya da sabon farashi, ta sake tayar da wasu iyalan. Saboda haka shawarata ga duk mai bin wannan batu ita ce ya sa ido a kan makomar filayen da ke tsakanin Handsacre da Crewe.